Sunana Bai Fito a Wasiƙunka Ba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fata kabari ya zame maka wurin hutawa. Ban taɓa yi maka doguwar magana ba, ko kana raye. Yau ta kama dole.

Da Inna ta rasu bara, akwatinta na ƙarfe ya faɗo a rabona. A ƙarƙashin zannuwa na tarar da wasiƙun da ka riƙa aiko mata ƙauyenmu Yargoje, zamanin da kuɗin man fetur ya buɗe, ka ajiye fartanya ka bi masu aikin titi zuwa Faskari da Sabuwa. Ba ka iya boko ba. Mai tafireta a bakin kasuwa kake faɗa wa ya buga, ita kuma ta kai wa malamin firamare ya karanta mata.

Gara ta fara cin gefensu, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hoto da waya. Akwai manhajar da ke duba hoton takarda ta mai da shi rubutu, in ka sa mata kalma ta nemo maka duk inda take. Da kana nan da ka ce aikin aljanu ne, kai da rediyo ma sai da ka leƙa bayanta.

Sunana na fara nema. Na rubuta Binta, ba ta sami komai ba. Na ce ko tawadar ce ta dushe, na gwada Fatima, shiru. Na rubuta Sani, ƙanena, ga shi nan birjik. Har akuyar Inna ka tambayi lafiyarta.

Na san kunyar 'yar fari, na san a gidanmu uba ba ya kama sunanta. Amma yarinya ba ta san al'ada ba, abin da ta gani take riƙewa. Kakan dawo hutu ka ɗora Sani a keke, ni ka wuce ni kamar ba kowa a wurin. Na riƙe wannan har na yi furfura. Da kake jinya a Kankara, a bakin ƙofa na durƙusa na gaishe ka kamar baƙuwa, na tashi na tafi. Bayan kwana uku aka aiko ka rasu.

Ban san abin da ya sa na rubuta "takalmi" ba. Wataƙila jan takalmin robar nan ne da aka ce Kawu ya sayo mini da sallah. Layi ɗaya ya fito: "Takalmin na waccan ne. Kar ki hwaɗa mata ni na saya."

Sai na rubuta "waccan".

Babu wasiƙar da ba ta fito ba, Baba. "Waccan ta warke daga ƙyandar?" "Kar a riƙa aiken waccan rafi ita kaɗai." "A sa waccan makaranta ko dangi sun ƙiya." A wata kuma ka ce: "Waccan ta yi tsawo. Ta ɓular zana na kalle ta da za ni tafi."

Makarantar da ka dage a sa ni ta koya mini karatu tun ina aji uku. Duk da haka Inna ta ci gaba da taka ƙafa zuwa gidan malamin, don kada in karanta. Na yi shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da akwatin nan ina jin haushinka. Abin da ke cina ke nan. Waya ta gano cikin ƙiftawar ido, ni kuma na gano bayan babu inda zan kai ban-haƙurina. Da na ƙara taku biyu ranar nan a Kankara, da na riƙe hannunka.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Inna, Ya yalwata muku makwanci, Ya haɗa mu inda za ka kalle ni ba ta bayan zana ba. Amin.

Taka har kullum,
Waccan