Ruwa a Kan Sabuwar Walda

Laraba, bayan isha'i

Ashe ƙarar da nake ji tun daga Zango, ƙarfen da ke riƙe akwatin babur ne ya tsage, dab da tayar baya. Na kai wa Malam Sale mai walda. Ya liƙe shi, amma da aka kira la'asar sai ya fasa ledar ruwa a kai, ƙarfen yana jajir. Na ji wani ɗan ƙas.

Na ce, "Malam, ba a barinsa ya huce da kansa?"

Ya ce, "Kullum haka muke yi." Ya shafe wurin da baƙin fenti.

Gobe da asuba zan bi Kongolam zuwa Damagaram, ƙanena Habu a baya. Ɗazu na girgiza akwatin, na sake jin ƙas ɗin nan. Fentin kuwa ya hana ni ganin komai.