Talatar Likita

Zuwa ga Inna Shadliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar, yaya sanyin garin Susa? Ki gaida Munsif da iyalinsa. Tunda kunnenki ya ƙi waya, kuma kin ce muryata a ciki kamar kukan akuya, na koma takarda, sai ki nemo tabaranki.

An shiga tsinkar zaitun, da asuba ake kwashe mata a a-kori-kura, ba a dawo da su sai rana ta faɗi. Asibitin da kika koya mini aikin ungozoma yana nan yadda kika bar shi, sai dai ƙwayoyin cire ciki sun ƙare tun kafin Mauludi, kullum a ce mana suna hanya. Don haka duk wadda ta zo sai ta jira likita, ita kuma daga birni take zuwa, ran Talata kaɗai. Kin san shagon gahawan da ke kallon ƙofarmu. Mazan can sun haddace aikinmu fiye da mu. Mace ta shigo ran Laraba, su ce awo ta zo. Ta shigo ran Talata, kafin ta kai gida labari ya riga ta. Na roƙa, na yi faɗa a taro a watsa aikin cikin mako, an ce za a duba. Tun kafin a haife ni doka ta ba mace damar cire ciki a wata ukun farko, ku kuka bi ƙauyuka kuna faɗa wa mata haka, amma yau teburin 'yan kartan shagon ya fi doka ƙarfi.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata ce, Hadda, cikin masu tsinka. 'Ya'yanta biyar, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba, ga wani cikin ya shiga. Ran kasuwa ta zo da kwandon ƙwai, don a ɗauka talla ta kawo mini. Mijin ya sani, ya ce ta yi yadda ta gani, amma kada uwarsa ta ji, kuma gida ɗaya suke da tsohuwar. Na ce ta dawo Talata. Ta ce, "Malama, gara ki ba ni ganga in zaga gari." Na ce to birni fa? Ta ce wunin da ba a gan ta a gona ba, ba a gan ta a gida ba, me za ta ce wa uwar miji? Cikin ya wuce wata biyu, Inna. Na gaji da kallon mace tana da haƙƙi a hannu, ba ta da ƙofar shiga.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Najat

Zuwa ga Inna Shadliya,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Makrud ɗin nan mai dabino da kika aiko ya iso, na gode, ko da yake yaron motar ya ɗanɗana mini shi sosai a hanya. Kina shan maganinki kuwa, ko har yanzu kina ganin kin fi likita sani?

Kin tambayi Hadda. Zauna ki ji.

Akwai Burniya, tsohuwar da ke tara wa masu gona mata, bakinta ba linzami. Hadda ce ta faɗa mata, ita kuma ta zo ta same ni. Ta ce, "In mace ɗaya mazan shago suke iya ƙirgawa, mu gani ko za su iya ƙirga mota guda." Dabararta ita ce ran Talata duk matan motar su sauka a ƙofarmu, a ce gwajin hawan jini aka zo, Hadda ta shige a tsakiyarsu. Ba ta faɗi sunan kowa ba. Waɗanda suka gane suka yi shiru, suka yarda su bar aikin safiya guda, kin kuwa san abin da safiya guda take a tukunyarsu. Rabon da in yi murna irin ta ranar har na manta. Ban sanar da shugaban asibiti ba, don matarsa da uwar mijin Hadda tare suke murza kuskus ɗin biki.

Suka zo kuwa, da ɗankwalayensu masu furanni da takalman roba, Burniya a gaba tana tsokanar mazan shago: "Ku kalla da kyau, 'yan zaman banza, yau iyayenku ne suka zo!" Lazhar maigadi ya ga mota cike da mata 'yan ƙwadago a ƙofar ma'aikatar gwamnati. A garin nan wannan abu ɗaya yake nufi, zaman dirshan. Bara haka aka yi a ofishin ruwa har mako guda. Ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Ina ciki ina shirya ɗaki, kafin in fito shugaba ya buga wa likita waya tana hanya, ya ce ta juya, ana zanga-zanga.

Na yi ihu har muryata ta dishe kafin a buɗe. Na auna jinin mata wajen ashirin, ɗaya bayan ɗaya, don kada ƙaryar ta tonu. Shida a cikinsu hawan jinin gaske gare su, ba su sani ba. Da layi ya zo kan Hadda ta miƙo hannu, na ɗaura mata, ba ta kalle ni ba, ni ma ban iya kallon ta ba.

Yanzu birni sun ce likita ba za ta sake zuwa ba sai an gama binciken tsaro. Ni ma an kira ni in yi bayanin wanda ya tara jama'a. Ba na jin tsoron su, gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Taki,
Najat

Zuwa ga Inna Shadliya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi miki allura a gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe shirun da na yi, ba ni da abin kirki da zan rubuta ne.

Na ga faɗan da kika yi mini, cewa da ke ce da kin ɗauko ta a mota kin kai ta birni ko sama za ta faɗo. Na gwada, Inna. Na nemi mota, na nemo mata wuri a asibitin birni, Burniya ta yarda ta rantse cewa tare suka wuni a gona. Daren da za mu tafi ƙaramin ɗanta ya kwana da zazzaɓi, uwar mijin ta ce ba inda za ta, ko gonar. Mako na gaba mai gonar ya zo da kansa yana kiran suna, saboda abin da ya faru ran Talata.

Binciken ya ƙare, sun gano ba a yi zanga-zanga ba. Likita ta dawo. Wannan karon Hadda ba ta jira mota ba, ba ta ɗauko kwando ba. Ita kaɗai ta ratso gaban shagon, kanta a sama, maza suna kallo, wani har ya ajiye kartarsa. Likita ta ɗauki hoton cikin, ta auna, ta sake aunawa. Ya wuce wata uku. Ta duba ko akwai wata cuta da doka za ta karɓa, babu. Gajiya ba ta cikin abin da doka ke ƙirgawa.

Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni, da hakan ya fi mini sauƙi. Sai ta gyara ɗankwali ta ce, "To, Malama, ba ni maganin ƙarin jini. Ki faɗa mini ranar awo." Na ba ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen shagon, ta ce yanzu dai uwar mijinta ta riga ta ji, saura ta je ta yi mata bayanin abin da ba a yi ba.

Jiya da safe motarsu ta wuce ta gaban gidana. Tana tsaye a baya, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan a kan mara saboda ramukan hanya. Ta ɗaga mini kai. Lokacin girbin alkama za ta haihu, kuma ni zan karɓi haihuwar, in ɗora mata shi a ƙirji in ce barka. Ke kika koya mini duk abin da na sani, Inna, amma ba ki koya mini da wace fuska zan faɗa ba. In kin sani, ki rubuto.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Najat