Duwatsun Fasa Argan a Kan Hanya

Litinin, 6 ga Agusta
Yau aka buɗe dajin argan, itacen da ake matsar mai daga ƙwallon 'ya'yansa, bayan wata uku babu mai shiga. Mata sun fita da kwanduna suna guɗa, na bi su da 'yan ajina na hutu. Ƙarƙashin itatuwan fes, kamar an share. Wasu sun riga sun kwashe 'ya'yan tun dokar gari ta hana shiga tana aiki. Inna Ijja, shugabar ƙungiyar masu matsar mai, ta zauna a ƙasa. Abincinsu na shekara ke nan.

Talata, 7
Wani kamfanin man shafawa na ƙetare ne ke saye, ɗanye, ya matse da inji a can. Buhunan 'ya'yan da aka kwashe suna cikin babbar mota a bayan kasuwa. Wakilinsu Bihi. Bihi nawa! Wanda ya fi kowa a ajina, har ƙamus na saya masa.

Laraba, 8
Na same shi. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in ba shi ba, wani zai saya. "Malama, turawan nan ba su san dokar dajinmu ba, ranar tashin jirgi suka sani."

Juma'a, 10
Hanya ɗaya ce ke fita daga garin nan. Matan sun ɗauko duwatsun da suke fasa ƙwallo a kai, sun jera a tsakiyarta, sun zauna suna fasa ragowar bara. Ba ihu, sai ƙwas-ƙwas. Na ce musu ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ba zan zauna ba. Ijja ta ce, "To tsaya, Malama, ki yi mana inuwa." Aka yi ta dariya.

Asabar, 11
Bihi ya zo da direba. A gaban motar ya tarar da mahaifiyarsa, dutse tsakanin ƙafafunta. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ka taka, ɗana. Ai sauri kake."

Lahadi, 12
Mota ba ta wuce ba, an sauke buhunan a rumbun ƙungiya. Mai son argan ya sayi mai daga hannun matan. Sun ce badi su za su tsare dajin da kansu.
Babban yatsana ya kumbura, da ƙyar nake riƙe alli. Wurin Ijja kawai na riƙe mata ta je salla, na ɗan taɓa fasa ƙwallo. Ta ce gobe in zo da nawa dutsen.