Injin Ƙaramin Jirgina Ya Tashi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Fatan ciwon ƙafarka ya yi sauƙi. Mu nan Wurno lahiya lau.

Injin da ka aiko don ƙaramin jirgin saman da na ƙera ya tashi! Kwana ukku na ɗaure shi bisa benci, ina kunna shi da mai da yawa don ya saba a hankali. Jiya na matse sukurun man kaɗan-kaɗan, har tarinshi ya daina.

Baba, da bai yi dariya ba tun da 'yan bindiga sunka raba mu da gonarmu ta Rabah, ya taso yana dariya: "Mi kake jira? Sake shi mu gani!"

Juma'a za mu gwada. Ka gaida Yaya Hauwa. Ku yi muna addu'a ya sauka lahiya, don Baba zai kalla.

Ƙanenka,
Bello