Kullen Siminti

Zuwa ga maigidana Muhammad Sani,

Kafin gaisuwa riƙe wannan: baƙi goma sha uku sun sauka gidanka ba sallama, ba sa ci, ba sa sha, ruwa da tsintsiya kuma ba sa korar su. Su wane ne?

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan Ƙarfi sai godiya, masara ta shiga rumbu, kawunka Shitu ma ya warke har yana hawa babur.

Bayan haka, shekara arba'in na yi da kakanka bai taɓa sa ni kulle ba, sai kai. Simintin nan da ka malala daga ƙofar gida har bakin ɗakina, saboda motarka mai zuwa sau ɗaya a shekara, shi ka turo Mansur mai fenti ya gyara, wai na ɓata shi da shanyar tattasai. Ya kankare baƙin mai da kashin awaki, ya wanke da sabulu da burushi, ya toshe tsagu, ya bari ya sha rana. Ranar Laraba ina ciki ina barci bayan azahar, ya fara lafta wani mai mai ƙyalli daga bakin ƙofata, yana ja da baya har ya fice titi. Daga can ya ɗaga murya wai ko kaza kada ta taka sai bayan kwana uku. Ya tuna da kaza, ya manta da ni.

Ƙofa a buɗe, ƙafa lafiya lau, ga ni a akurki. Tagar ma ka sa mata ƙarafa, ta nan ƙanwarka Zakiyya ke zuro mini tuwo kamar 'yar fursuna, tana dariya. Ga wari. Abin kuma ya yi kauri, ya ƙi bushewa.

Duk da sauƙi, ba don ranar Juma'a ne sunan 'yar da 'yar'uwarka Nana Khadija ta haifa a Dayi ba, kuma ni aka yi wa takwara. Mansur ya aiko wai in yi haƙuri, suna ana yi ko babu ni. Na ce a gaya masa zumunci a ƙafa yake. Na ɗaura zane na yi bisimilla. Takun farko siminti ya riƙe takalmana, na bar masa, na ƙarasa haka nan. Takwarata kyakkyawa ce, hancina ta ɗauko.

Ka gaishe mini da kishiyata Lauratu da yaranku su Jibril. Kawunka Shitu da Zakiyya suna gaishe ka. Kada ka yi wa Mansur faɗa, na riga na yi.

Tsohuwar matarka,
Sabuwa

Baƙin nan kuwa sawun ƙafata ne, goma sha uku, daga ɗakina zuwa ƙofar gida.