Butar da Suka Raina

Laraba, da dare

Yau Allah ya rama mini. Wata uku ke nan da Dakta Iliya ya kira ni zaman kwamitinsu a jami'a, kan alamar da za a sa a sababbin ban-ɗakunan da kowa zai shiga, mace ko namiji. Shekara talatin na yi ina rubuta musu alluna da hannuna. Na ce, "Ku zana buta kawai. Buta ba ruwanta da mace ko namiji, kuma kowa ya san inda take kai mutum." Ya yi dariya a gaban jama'a, ya ce, "Baba, zamaninku ya wuce." Suka manna hoton Turawa, mutum rabi wando rabi siket.

Ɗazu da la'asar sai ga Dakta Iliya a ƙofata, har da durƙusawa. Wai mata sun ƙi shiga, maza ma sun ƙi. Surukinsa ya zo daga Hanwa bikin yaye ɗalibai, ya yi ta zagaye da babbar riga, ƙarshe ya tsuguna bayan mota.

"Baba Yohanna, a taimaka mana da butar nan."

Na ce hannuna rawa yake yi yanzu. Gaskiya ne, amma bai kai ya hana ni zana buta ba. Tun rasuwar matata Saratu ba wanda ya zauna a tabarmar nan. Ba zan zana masa ba sai ya dawo sau uku, ya zauna, ya saurare ni har ƙafarsa ta yi tsami.

Fentin yana ƙarƙashin gado. Na riga na dama shi.