Ƙarfen Tsakar Rana

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kina cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Bayan haka, Inna, da magana na zo, kuma ban san wanda zan kai wa ba in ba ke ba.

Kin san cocinmu bai taɓa mallakar ƙararrawa ba, sai tsohon wilin motar nan da ke rataye a tsamiya. Ke ce mai buga shi safe, tsakar rana da yamma, don a yi addu'ar Mala'ika. Uku-uku kike bugawa, amma na ƙarshe kullum a raunane yake fita saboda ciwon hannunki. Mukan yi miki dariya, ki ce, "Wanda yah hi ni hannu shi taho shi karɓa." Ba wanda ya taɓa karɓa.

Ina tuna yadda maƙwabciyarmu Goggo Adama, Bafulatanar nan mai nono, take tsokanarki kan shiga ƙarƙashin tsamiya da rana tsaka, lokacin fitowar masu wurin, mutanen ɓoye. Ki ce ai su ma sai su amsa addu'ar. Ita kuwa da ƙarfenki take gane azahar ta kusa.

Tun da kika rasu na karɓi aikin. Amma garin ya watse, Inna. Masu bindiga sun hana noma, matan zumunta sun bi mazajensu Anka da Bukkuyum, katikis mai koya mana addini ma ya tafi. Addu'ar da ake yi ɗaya na ja saura na amsawa, yanzu ni ke ja, in yi shiru a gurbin amsa, in ci gaba. Fada, limaminmu, ya aiko cewa ni da jikarki Martina mu koma Gummi, a rufe cocin, mota za ta zo Asabar.

Ranar kasuwa na kai Martina asibiti, ban dawo ba sai la'asar. Na tarar da Goggo Adama a ƙofar gida, ko sallama ba ta amsa ba, ta ce, "Ɗiyata, wa kinka bar ma ƙarhe? An buga shi yau, kuma hannun Innarki na, na ƙarshen bai hita ba." Na ce tsufa ne ya fara taɓa mata kunne. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Washegari da safe na kwance wilin, na mirgino shi ɗaki, na lulluɓe da zanenki na zumunta.

Rana ta take ina tsince shinkafa, sai na ji shi. Daga tsamiya. Uku-uku, na ƙarshe a raunane. Na waiwaya, ga wilin a lulluɓe a bayana, ko motsi bai yi ba. Kaji suka yi tsit. Martina da ke kwance da zazzaɓi ta tashi zaune, ta haɗa hannuwa, ta ba da amsar addu'ar daidai, a gurbin da nake barin shiru. Ni ban ja ba, Inna. Wa ta ji ya ja?

Na ji tsoronki, karo na farko a rayuwata, kuma na ji kewarki kamar in fita da gudu. Ƙarfe dai don kira ake buga shi, mu biyu kuma muka rage a garin cikin masu amsa shi.

Innata, in kaɗaici ne ya dame ki, na yi alkawari kullum tsakar rana zan tsaya a Gummi in ja addu'ar, ki amsa daga inda kike. In kuwa wani kike kira ya taho, ki dubi Allah ki bar mini yarinyar nan. Ita ba ta san muryar da ba a amsawa ba.

Ya Ubangiji, ka ba Innata hutu na har abada, ka sauke mata wannan aiki. Uwa Maryamu, ki riƙe mini Martina har Asabar. Amin.

Taki mai kewarki,
Ɗiyarki Sisiliya